Biyu da Ɗaya: Lissafin Kaso daga Gado zuwa Siminti

Ɗalibin da ke zufa in ya ga 2:1 a kan allo, sau da yawa ya taso ne a gidan da ake aiki da wannan lissafi kullum. Alamar tana faɗin abu guda: duk inda wannan ya samu biyu, wancan zai samu ɗaya. Ba ta faɗi yawan dukiyar ba.

A nan ake tuntuɓe. Mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da 'ya mace, su kaɗai ne magada, bayan an biya bashi da wasiyya saura naira 900,000. Mai gaggawa zai ce ai mace rabi take samu, ya miƙa mata 450,000. Ya yi kuskure, domin rabin rabon ɗan'uwanta ake nufi. Sai a haɗa kason, biyu da ɗaya uku, a raba kuɗin gida uku, kowane gida 300,000. Namiji ya ɗauki gida biyu, mace ɗaya.

Magini ma haka yake yi, ko da bai taɓa zama a aji ba. Kwaɓin kankare na 1:2:4 shi ne kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. In aiki ya ƙaru a ninka duka ukun tare. Wanda ya ninka yashi ya bar siminti, ya san abin da ya yi, bango kuma zai tona masa asiri.

Malaman gado sun daɗe da kai wannan fanni nesa. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, ya ba matsalolin gado da wasiyya babban kaso na littafin.

Mas'alar da ta fi daɗin nazari ita ce auli, wadda ake danganta hukuncinta da zamanin Sayyidina Umar. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa, ba iyaye. Miji na da rabi, su kuma biyu bisa uku. A ce dukiyar naira 420,000 ce: miji 210,000, 'yan'uwa 280,000, jimilla 490,000. Kuɗi sun kasa! Wa za a tauye?

Kowa za a rage wa, gwargwadon rabonsa. Rabi shi ne uku bisa shida, biyu bisa uku kuwa huɗu bisa shida, wato 3:4. Uku da huɗu bakwai, sai a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, kowane gida 60,000. Miji ya tashi da 180,000, 'yan'uwa 240,000, kowacce 120,000. Mai shakka ya raba 180 da 240 da sittin, zai ga uku da huɗun suna nan yadda suke.