Guguwar da Ke Ɗagawa Ta Sake Sauka



A daren 10 ga Disamba 2021, wani gawurtaccen hadari ya ratsa jihohin Akansas, Mizuri, Tenesi da Kentaki a Amurka. Da gari ya waye, mutane da yawa sun ɗauka mahaukaciyar guguwa ɗaya ce ta yi duk ta'adin. Sai da masu binciken yanayi suka bi sawun ɓarnar, suka tarar da giɓi a tsakani. Ashe manya biyu ne. Ta farko ta mutu a Tenesi, ta biyu ta taso daga hadarin nan dai, ta yi tafiyar fiye da kilomita 260, ta ragargaza garin Mayfield.

To, me ke kawo haka? Irin wannan hadari yana da ginshiƙin iska mai juyawa a cikinsa, kuma abincinsa iska ce mai ɗumi da laima da yake zuƙowa daga ƙasa. A bayansa akwai wata iska da ke gangarowa daga sama. Ita ce ke taimakawa wajen matse juyin har guguwa ta sauka. Amma idan ta ci gaba da zagaye ginshiƙin har ta naɗe shi, sai ta tare wa iskar ɗumin hanya. Ku lura da nan sosai: abin da ya haifi guguwar shi ne ke shaƙe ta. Za ka ga ta sirance kamar igiya, ta karkace, ta kauce hagu, ta ɓace.

Shi kuwa hadarin yana nan da ransa. Can gaba kaɗan, inda iskar da ta gangaro ke karo da sabuwar iskar ɗumi, wani juyi yakan kafu, wata guguwa ta sauko. Wani lokaci ma ta sauko tun tsohuwar ba ta gama mutuwa ba. Farfesa Ted Fujita na Jami'ar Shikago, wanda ya zana taswirar guguwoyi 148 na watan Afrilu 1974, ya nuna yadda hadari ɗaya ke jero su bi da bi.

Akwai kuma yaudarar ido. Mazurarin gajimare da ake gani tururin ruwa ne kawai. Yana iya janyewa sama alhali iskar na nan tana kaɗa ƙura a ƙasa. Idan ta bi ta fili ba gini ba bishiya, ba ta barin shaida, sai a ce ta yi tsalle.

Wannan ne ya fi damuna, domin mutumin da ya ga mazurarin ya ɗaga yakan fito daga mafaka. Shi ya sa masu gargaɗi a Amurka ke kallon juyin hadarin a na'urar rada, kuma ba sa janye gargaɗi don an ce guguwa ta ɗaga, matuƙar juyin bai lafa ba.