Tsohuwar Bas Mai Ɗaki a Ciki

Yau maganar mota za mu yi.

Ku mutanen Shika ba a ba ku labarin mota. Hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Samaru zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato ta ƙofar gidajenku ta wuce. Galibin motocin da ke bin ta ba sababbi ba ne. Turawa ne suka hau su suka gaji, aka ɗoro su a jirgin ruwa daga Beljiyam ko Jamus, aka sauke a Kwatano ko a Ikko. Shi ya sa kuke jin ana ce musu Beljiyam, ko 'yan Kwatano.

To, a cikinsu akwai wata iri da ba a cika gani ba. Bas ce, amma an cire kujerun baya, an sa gado da murhu da tankin ruwa da firji, wata ma har da makewayi. Turawa hutu suke tafiya da ita. In ta iso nan, yawanci akan ɓamɓare kayan a mai da kujeru. Amma mai bin kasuwanni sayen hatsi, ko ƙungiyar da ta haɗa kuɗi don fatauci, in suka gan ta sai su ce ga mota ga masauki. Gaskiyarsu. Sai dai abu biyu suka saya a kuɗi guda, watau mota da gida, kowanne kuwa da irin cutarsa.

Ku lura da wani abu. Irin wannan mota ba ta cika yin tafiya ba. Mai ita yakan fita da ita 'yan makonni a shekara, sauran watannin tana ajiye. Dillali zai nuna muku lambar tafiyarta, ya ce ku duba, ko gajiya ba ta yi ba. Kada wannan ya rufe muku ido. Zama wuri ɗaya ma yana kashe mota. Roba takan bushe ta tsage, mai yakan yi laka a tanki, birki yakan cije. Ga kuma gishirin da suke zubawa a kan hanya a can lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfen ƙarƙashi, ko da fentin sama na ƙyalli.

Abin da muke so ku riƙe shi ne tsarin nema. A fara da abu mai araha kafin mai tsada. A taɓa abu guda a lokaci guda. Abin da aka gani kuma a rubuta. Ku sayi ɗan littafi ku ajiye cikin motar, ku sa kwanan wata, da abin da ya faru, da abin da aka canja, da kuɗin da aka biya. Mutumin da ya canja abu huɗu rana ɗaya, in motar ta tashi bai san wanne ne ya yi maganin ba, uku daga ciki kuwa asara ce.

Shafin farko na littafin nan na lambar shasi ne. Motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau lambar tasu baƙaƙe da alƙaluma 17 ne. Ku kwafe ta daga jikin ƙarfen motar, ku gwada da ta takardar kwastan, ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, aka kuma sha kama motocin da ba a biya musu kuɗin fito ba. In lamba ɗaya ta saɓa, kada ku kashe ko sisi wajen gyara sai an warware wannan. Ku duba sitiyari kuma. Tun 1972 ƙasarmu ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka sitiyarin motocinmu a hagu yake. In an juyo shi ne daga wancan gefen, a sa gwani ya duba waldar, gama rai ne a kanta.

Sa'an nan tayoyi. Kowace taya da ranar haihuwarta a rubuce a gefenta, alƙaluma huɗu cikin wani ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2317, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2017 ke nan. Masu yin tayoyin da kansu sun ce wadda ta kai shekara goma a cire ta, ko da zanenta bai goge ba. A zafi irin namu ma bai kamata a jira ta kai haka ba. In kuma kun ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, tayar sanyi ce, robarta na da taushi, kwaltar Funtuwa a watan Afrilu ba za ta bar ta ta daɗe ba. Birki kuwa, ku taka ku riƙe. In ƙafa tana nutsewa a hankali, man birki na zurara a wani wuri. In yana da laushi kamar kun taka katifa, iska ce ta shiga. Man birki yana shan laima, shekara biyu-biyu ake canja shi, ku ɗauka cewa na cikin motar nan ya wuce haka. Kuma don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. A tokare da kututture mai ƙarfi.

Yanzu bari mu gwada tsarin nan namu da cutar da ta fi yawa. An wayi gari, an murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas ta ƙi tashi. Nan da nan za a sami mai cewa kik ne ya mutu, a tafi Sabon Gari a sayo wani, in ba a samu ba sai Ƙofar Ruwa a Kano. Ku dakata. Ku kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, ku sāke murɗa makulli. In fitilun suka dusashe, wutar ce ba ta isa. Ku duba kawunan batir. Sau da yawa za ku tarar da wani farin gari ya taru a kai, ko kan yana motsi. A kwance, a fara da mai alamar ragi, a kankare, a ɗaure tam. Wannan ba ya cin kuɗi. In bai yi ba, sai a auna batir ɗin. Akwai ɗan ma'auni da kowane rewaya ke da shi, kuma wanda ya iya karanta alƙaluma zai iya aiki da shi. Cikakken batir, inji a kashe, yana nuna 12.6 ko kusa da haka. In ya sauko 12.0 ya yi rauni ƙwarai. In an ta da inji ya kamata lambar ta hau zuwa wajen 14. In ba ta hau ba, abin cajin ne ba ya aiki, ko fanbel ya saki. Sai duk waɗannan sun fita lafiya kāna a zargi kik.

A nan ne mota mai ɗaki ta bambanta da sauran, har takan ruɗa bakaniken da bai saba da ita ba. Batir biyu gare ta masu aiki dabam. Ɗaya na inji, ɗaya na ɗaki, wanda yakan ɓuya ƙarƙashin kujera ko gado. Na ɗakin shi ke ba fitilun ciki da famfon ruwa wuta. Tsakaninsu akwai wani ɗan makunni da ake kira rile. In inji na aiki sai ya haɗa su su sha caji tare, in an kashe sai ya raba su. In ya lalace a haɗe, fitilun ɗaki sai su shanye batir ɗin inji da dare. In ya lalace a rabe, na ɗaki ba ya samun caji sam. Mutum sai ya sayi sabon batir har sau biyu, alhali ɗan abin da bai kai kwalin ashana biyu girma ba ne ke cutarsa.

In rile lafiya yake amma batir na kwana yana sauka, akwai ɓarawon wuta a wani layi. Kama shi sai da haƙuri. Kowane dare ku zare fis guda, ku rubuta wanne ne, da safe ku auna batir ku rubuta. Daren da batir ya kwana da ƙarfinsa, kun san layin da ɓarawon yake. Kowane fis da lambarsa da launinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya ƙone a mai da irinsa daidai. Al'adar nan ta naɗa waya ko takardar kwalin taba a madadin fis, mu dai ba mu ga abin da ya fi ta ƙone motoci a banza ba. Fis maigadi ne, ya mutu ne don kada wayar ta kama wuta. In sabon ya sāke ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, ita za a nema.

Zafin inji ma haka za ku bi shi. Ruwa tukuna, sa'an nan fanbel, sa'an nan fanka, sa'an nan a wanke lagireto. Kada a buɗe murfinsa inji na da zafi. Makanikai da yawa sukan cire tamostat su yar, su ce na ƙasar sanyi ne. Ba mu yarda da wannan ba. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan mai da yawa, yana kuma saurin cinyewa. In tamostat ya mutu a sa sabo. Ku zaro sandar baƙin mai ku duba. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, gaskit ke nan, wannan kuwa aikin gwani ne. Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Baƙi, ku fara duba matatar iska, don ƙurar hunturu ba ta daɗewa take toshe ta.

To, dattawa, mu zo ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, domin mutum kwana zai yi cikin motar nan. Murhunta da iskar gas yake aiki. Ba man gas da ake zuba wa inji muke nufi ba, iskar tukunya ta girki muke nufi. Tiyon robar da ya taso daga tukunyar shi ma yana da shekararsa a rubuce. Kada ku tsaya dogon nazari, ku sa sabo, da sabon kan tukunya wanda ya dace da murhun. Bayan an haɗa, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan iska ke fita. Ba a neman yoyon gas da ashana. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwantawa. Shi ya sa za ku ga rami a gindin akwatin tukunyar. Wani zai ce ɓera zai shiga, ya toshe shi. Kada a toshe, a sa masa raga. Wutar murhu kuma shuɗiya ya kamata ta zama. In ta yi rawaya tana baƙanta tukunya, ba ta ci daidai, a kashe a share kan.

Akwai kuma wata iska mai guba da ke fitowa duk inda wuta ke ci ba ta samun isasshiyar iska. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana cikin hayaƙin salansa, da na janareto, da na gawayi. Kun sha jin an wayi gari an tarar da mutanen gida guda sun mutu a ɗaki saboda janareto. Ita ce. Cikin bas kuwa wurin ya fi ɗaki ƙanƙanta. Saboda haka a bi salansa tun daga inji har wutsiya, duk inda ya huje a yi walda, ramukan da tsatsa ta yi a daɓen motar kuma a liƙe su. Ba a kwana inji na aiki. Ba a shiga da kaskon gawayi, kome sanyin watan Janairu. Ba a ɗumama ɗaki da murhun girki. Janareto a kai shi nesa, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefe. Taga guda kullum a bar ta a ɗan buɗe. Akwai wani ɗan abu mai batir da ke ƙara in iskar nan ta taru, wanda ya samu ya saya ya rataye kusa da gado. Alamarta a jiki ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, musamman in ya kama mutum biyu ko uku lokaci guda. In haka ta faru a fitar da kowa waje cikin iska nan take, a kai su asibiti ko da sun ce sun warke. Ku kam Allah ya kawo muku sauƙi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ga shi nan kusa da ku.

Sauran kayan ɗakin ba su da wuya. Tankin ruwa a wanke shi sarai kafin a sha. In famfo na ƙara ba ya kawo ruwa, ku duba 'yar matatarsa, ko bututun da ƙanƙara ta fasa tun a can. Firjin irin wannan mota sai tana tsaye daidai yake sanyi, in ta karkata ba ya yi, a zafin bazara kuma ƙarfinsa kaɗan ne, kada ku yi ta kashe masa kuɗi. In motar daga Amurka ta fito, kayan wutarta na 120 ne, tamu kuwa 230, kada a jona kai tsaye. Rufi kuma a gwada shi tun da rani. Wani ya hau da bokiti ya zuba, wani ya zauna ciki yana kallo, a danna bango da yatsa a ji inda katako ya yi laushi. In aka bari sai ruwan Agusta ya nuna wurin, an makara.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya nemi taya guda, ta mota ko ta babur mai ƙafa uku, ya kwafo alƙaluman nan huɗu a takarda. Za mu rubuta su a allo, mu ga ta wane ce ta fi tsufa. Wanda ke da tambaya kuma ya ɗaga hannu yanzu.