Jinin Gida da Sirrin Mace: Lacca a Kan Gwajin Sankarar Mama, Birnin Kebbi



An daɗe a ƙasashen Turawa ana kiran kowace mace ɗaukar hoton mama idan ta kai wasu shekaru. Yanzu masana na gwada wata hanya: a auna hatsarin kowace mace ita kaɗai, a duba shekarunta, tarihin danginta, kaurin naman mamanta da ƙwayoyin gadonta. Wadda hatsarinta ya yi yawa a riƙa duba ta da wuri kuma akai-akai, wadda nata kaɗan ne a ba ta tazara. Wannan ne binciken WISDOM da aka fara a Amurka a 2016, da MyPeBS a Turai. Da aka tambayi matan can, sun yi na'am da a ƙara musu gwaji, amma ragewar ce ba ta kwanta musu ba.

Mu a nan ba a kai ga ragewa ba, don mace nawa ce a Argungu ta taɓa ganin na'urar hoton? Duk da haka hanyar ta dace da mu. Matanmu suna kamuwa da ƙuruciya, da yawa ba su kai 50 ba. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya nuna fiye da ɗaya cikin goma na masu cutar suna ɗauke da lahani a ƙwayoyin gado na BRCA1 ko BRCA2. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci, wajibi ne a san wadda za a fara kira, kuma matakin farko tambaya ce kawai: wa ya taɓa yin wannan ciwo a gidanku?

Nan ne fa zuciyata ke nauyi. Mace ta san gwaggonta ta rasu da ciwon nono, amma a gida an ce daji ne, ko jifa. Idan ta faɗa, aka rubuta mata "mai hatsari", wa zai karanta? Maigida? Uwar miji? Kishiya? Abin da ya fi tsorata ta shi ne 'ya'yanta mata, kada gobe masu neman aure su ji an ce jinin gidan ne. Wannan tsoro ba jahilci ba ne, lissafi ne na wadda ta san garinta. Saboda haka mace ce za ta yi tambayar, a ɗaki ƙofa rufe, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wadda aka ce hatsarinta kaɗan ne kuwa, kada ta ɗauka an wanke ta. Mafi yawan masu cutar ba su gaje ta ba. Ƙullutu ko da ba ya zafi, asibiti za a kai shi, ba wurin mai sakiya ba.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi shekaru tana wayar da kai a nan jihar, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a kammala gano cutar cikin kwana 60. Idan mun ce wa matar Argungu tana cikin hatsari, to mu gaya mata ranar da za ta je Asibitin Sir Yahaya ko Kalgo, da wanda zai biya kuɗin motar Sakkwato idan aka tura ta can.