Kafin Yaro Ya Ce Kwamfuta Zai Karanta

 

Daga nan Tungan Maje zuwa Gwagwalada, inda Jami'ar Abuja ta fara zama bayan kafa ta a 1988, ba wata tafiya ba ce. Amma ga yaron da ya faɗi lissafi, jami'ar nan ta fi Legas nisa.

Sau da yawa uba zai tare ni ya ce, "Malam, yaron nan babu abin da bai sani ba a waya, kwamfuta zai karanta." Nakan yi murmushi. Latsa waya daban, ilimin kwamfuta daban. Shi wannan ilimi ɗan lissafi ne na cikinsa. Kalmar algoridim ma, wato jerin matakan da na'ura ke bi ta warware matsala, daga sunan Al-Khawarizmi aka samo ta, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9.

To, me ake nema? Kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, kuma dole Turanci da lissafi da fiziks su kasance ciki. Ku riƙe wannan da kyau: kiredit daga A1 yake farawa, a C6 yake tsayawa. D7 da E8 sunansu ci, amma ba sa buɗe ƙofa. Na ga yarinyar da ta kwaso A da B a darussa bakwai, D7 guda ɗaya a fiziks ya zaunar da ita gida shekara cur.

Sai JAMB: darussa huɗu, maki 400. Turanci, lissafi, fiziks, da ɗaya daga irin su kemistiri ko bayoloji. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Wannan ƙofar gari ce kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'aunin, kowane sashe ma haka, sashen kwamfuta kuwa masu nema sun yi wa kujerunsa yawa. Wanda ya biyo ta difloma ko IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello yana iya shiga aji biyu kai tsaye, amma shi ma sai an duba kiredit ɗinsa.

In an shiga ma, ba a gama ba. Darussan tsani ne. Ba a barinka ka ɗauki na sama sai ka ci na ƙasa da ya dogara a kai. A yawancin jami'o'inmu 70 ne A, abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce, sai kari-oba. Lissafin aji ɗaya da aka yi wa riƙon sakainar kashi yana iya ƙara wa ɗalibi shekara guda. Wasu na ganin tsaurin ya yi yawa. Ni ban ga haka ba, don wanda bai iya rarrafe ba, ba a sa shi gudu. Abin da ke ci mini rai shi ne a nemi fiziks wurin yaron da makarantarsa ba ta da malamin fiziks.

Hukuncin nan duka tun a SS1 ake yanke shi, ranar da ake raba yara ajin kimiyya da sauran azuzuwa, galibi iyaye ba su ma sani ba. Don haka iyayena, ina roƙonku, cikin makon nan kowa ya taka zuwa makarantar ɗansa ko 'yarsa, ya tambayi ajin da aka sa su, ya kuma nemi a nuna masa malamin lissafi da na fiziks ido da ido. In babu, mu haɗu mu kai kuka ofishin ilimi a Gwagwalada.