Jawabi Kan Kafa wa Saƙo Hanya a Na'urar Intanet ta Gida



Yau za mu yi magana a kan rauta, watau na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida. Aikinta kamar na ma'aikacin gidan waya ne: ta duba adireshi, ta aika da saƙo inda ya dace. Amma hanya biyu kaɗai ta sani, ta cikin gida da ta waje. Duk saƙon da ba ta gane adireshinsa ba, waje take tura shi.

To, a ce maigida ya kafa rauta ta biyu a shagonsa na ƙofar gida, ya haɗa ta da ta farko. Adireshin na'urorin cikin gida yana farawa da 192.168.1, na shago kuwa da 192.168.2. In ya aika takarda daga kwamfutar ɗakinsa zuwa injin buga takardu na shago, sai rauta ta farko ta tura saƙon waje, ya ɓace, ga mai saye yana jira. Dalili kuwa, tun 1996 aka tabbatar da keɓe lambobi masu farawa da 192.168 domin amfanin cikin gida, ba sa tafiya a intanet.

Maganin wannan shi ne a rubuta mata tsayayyar hanya da hannu. Ku buɗe shafin rauta ta farko, galibi a 192.168.1.1, ku nemi sashen da aka rubuta wa Static Routing, sa'an nan ku cike gurabe uku. Na farko, inda saƙo zai je: 192.168.2.0. Na biyu, lambar da ke nuna iyakar wannan rukuni: 255.255.255.0. Na uku, ƙofar da za a bi, watau adireshin rauta ta biyu ta ɓangaren cikin gida, misali 192.168.1.2.

Lalle ne ku kiyaye abu uku. Ku tsayar da adireshin rauta ta biyu, domin in ya canja, hanyar ta mutu, ba ta kuwa gyara kanta. Ku kashe mata tsarin ɓoye adireshi da ake kira NAT, ku kuma duba kada katangar tsaronta ta tare saƙon. Kafin ku taɓa kome, ku rubuta tsofaffin lambobin a takarda, don kuskuren lamba ɗaya yana iya katse muku sadarwa.

Wanda abin ya shige wa duhu, ya tambayi masani. Matambayi ba ya ɓata.

 Allah ya taimaki Nijeriya, amin.