Daga Fure Zuwa Rumbu: Jawabi Kan Barbarar Fure da Abincinmu



Kusan kowannenmu a nan ko dai manomi ne, ko ɗan manomi, ko kuwa malamin 'ya'yan manoma. Saboda haka babu wanda bai taɓa ɓare goyon masara ya tarar da giɓi a jikin totuwa ba, nan ƙwaya, can fili. Haka nan mun sha ganin kabewa ta yi yaɗo, ta cika gona da fure, amma 'ya'yan su yi ta zubewa tun suna ƙanana. Idan hakan ta faru mukan ɗora laifin a kan taki, ko ruwa, ko iri. Sau da yawa laifin yana wani wuri dabam, a wani ɗan gajeren mataki da ke tsakanin fure da ɗa. Wannan mataki shi ne barbarar fure, kuma a kansa za mu yi magana yau: yadda yake gudana, su wa ke gudanar da shi, da abin da za mu rasa idan ya tsaya.

Mu fara da furen kansa. Fure shi ne wurin haihuwar tsiro, kuma yana da ɓangaren namiji da ɓangaren mace. Ɓangaren namiji siraran zare ne, kowanne ɗauke da 'yar jaka a kansa, cike da wata ƙura mai laushi wadda galibi ruwan ɗorawa ce. Ita ce ƙurar fure, wadda manomanmu ke kira bununi idan suka gan ta a jikin gero. Ɓangaren mace kuwa kashi uku ne: kai mai danƙo a sama, dogon wuya a tsakiya, sannan mahaifa a ƙasa, wadda a cikinta ƙwayayen haihuwa suke. Barbara ita ce tashin wannan ƙura daga jakar namiji zuwa kan macen fure na irin wannan tsiro.

Idan ƙwayar ƙura ta sauka a wurin da ya dace, sai ta tsiro da wani siririn bututu wanda ido ba ya gani. Bututun zai bi ta cikin wuya har ya isa mahaifa, ɗauke da ƙwayoyin namiji guda biyu. Ɗaya ta haɗu da ƙwan mace, daga nan ɗan tsiron da ke kwance cikin iri ya samu. Ɗayar kuma ta haɗu da wata ƙwaya ta tsakiya, daga nan guzurin da ɗan tsiron zai ci ya samu. Wannan guzuri shi ne mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar masara da dawa da gero da shinkafa. Ke nan garin da muke tuƙa tuwo da shi, asalinsa guzuri ne da uwa ta tanadar wa ɗanta. Bayan haɗuwar, ƙwan ya zama iri, mahaifar kuma ta kumbura ta zama ɗan itace. Idan ƙurar ba ta iso ba, a mafi yawan tsirrai furen zai bushe ya faɗi, aikin shekara ya tafi a ganye.

Masara ce ta fi bayyana mana wannan a fili. Namijin furenta yana can ƙololuwa, macen kuma ita ce goyon. Kowane silin gemun masara hanya ce zuwa ƙwaya ɗaya tak. Silin da ya sami ƙura ya ba da ƙwaya, wanda bai samu ba ya bar giɓi. Iska ce ke kaɗo ƙurar daga sama, shi ya sa wanda ya shuka masara layi ɗaya dogo a bakin katanga yakan ga giɓi da yawa, wanda kuwa ya shuka ta a dunƙule, layi kusa da layi, yakan sami goyo cikakke.

Tun da tsiro ba shi da ƙafa, dole ya sami mai kai masa saƙo. Wasu tsirran sun hutar da kansu: gyaɗa da wake da shinkafa galibi suna barbarar kansu a cikin fure ɗaya, dawa ma mafi yawan lokaci haka take yi. Wasu sun dogara da iska, kamar masara da gero. Irin waɗannan ba su damu da ado ko ƙamshi ba, sai dai su zubar da ƙura mai ɗimbin yawa domin kaɗan daga ciki ta dace. Rukuni na uku, wanda ya fi yawa, ya ƙulla cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da dabbobi. Fure ya ba da ruwan zaƙi da ƙura a matsayin lada, ya yi talla da launi da ƙamshi. Ƙudan zuma ya zo neman abincinsa, ƙurar ta manne a gashin jikinsa, ya kai ta fure na gaba ba tare da ya san ya yi aike ba. Wani abin da ya ƙara masa daraja shi ne, a fita ɗaya yakan lizimci irin fure ɗaya, don haka ƙurar ba ta ɓata hanya.

Ba ƙudan zuman amya kaɗai ke wannan aiki ba. Masana sun san nau'in ƙudan zuma kusan 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, suna zaune ɗai-ɗai cikin ramukan ƙasa ko busasshen itace. Akwai malam-buɗe-littafi, da ƙudaje waɗanda ke cika furen mangwaro, da ƙwarin dare da ke ziyartar farin furen duma bayan faɗuwar rana. Akwai kuma jemage, wanda yaranmu ke jifa. Furen kuka fari ne, yana reto ƙasa, yana buɗewa da almuru yana fitar da wari mai tsami, kuma a yankinmu na Afirka ta Yamma jemage na cikin manyan masu yi masa barbara. Jajayen furannin ɗorawa masu kama da tuntu su ma jemage ke ziyartarsu da dare, ƙudan zuma kuma da asuba. Idan babu wannan ziyara kalwa za ta yi ƙaranci, kuma mun san abin da hakan ke nufi ga daddawa.

Akwai hikima a cikin kai ƙura daga wani tsiro zuwa wani. Irin da ya fito daga iyaye biyu yana gadon halaye daga ɓangarori biyu, don haka 'ya'yan ba sa zama abu ɗaya. Idan cuta ta zo, ko damina ta yi gardama, a cikinsu akan sami waɗanda suka jure. Shi ya sa tsirrai da dama suke da dabarun kauce wa barbarar kai. A zangarniyar gero ɓangaren mace ke riga fitowa kafin bununi ya bayyana. Kabewa da kankana sun raba furen namiji da na mace a jikin yaɗo ɗaya, kuma ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinta. Dabino da giginya kuwa sun raba bishiyar ma baki ɗaya, wannan namiji, waccan mace.

Dabino ya daɗe da koya wa ɗan Adam wannan darasi. Tun dubban shekaru da suka wuce manoman ƙasar da yau ake kira Iraƙi suke hawa bishiya su sanya reshen furen namiji cikin furen mace da hannu, kuma har yau haka masu dabino ke yi, ciki har da na garuruwan Sahara a Nijar. Amma tabbatar da abin ta hanyar gwaji ya jira har 1694, lokacin da wani masani Bajamushe, Rudolf Camerarius, ya nuna cewa idan aka cire gemun masara ba za a sami ƙwaya ba. A 1793 kuma Christian Konrad Sprengel, wanda shugaban makaranta ne a Spandau kusa da Berlin, ya wallafa littafi yana bayyana cewa siffar fure da launinsa da ƙamshinsa duk suna jawo ƙwari ne domin barbara. Mutanen zamaninsa ba su kula shi ba, sai bayan shekaru da dama Charles Darwin ya ɗaga darajar aikin. Abokin sana'armu ne, kuma kayan aikinsa ido ne da haƙuri.

Labarin da ya fi dacewa mu ba ɗalibanmu shi ne na Edmond Albius. An kai tsiron banila daga Meziko zuwa tsibirin Reyuniyon da ke Tekun Indiya, yana fure amma ba ya 'ya'ya, domin ba a tafi da mai yi masa barbara ba. A 1841 wannan yaro, bawa ɗan shekara 12, ya gano yadda za a ɗaga ɗan murfin da ya raba namiji da mace da siririn tsinke, a danne su da babban yatsa. Da wannan dabara ake noman banila har yau, har da Madagaska wadda ta fi kowace ƙasa fitar da ita. Kusa da mu kuma, a 1981 an ɗauki wani ɗan ƙaramin ƙwaro daga Kamaru zuwa Malesiya domin ya yi wa kwakwar manja barbara. Kafin zuwansa ma'aikata ke yin aikin da hannu, bayan zuwansa amfanin ya ƙaru, wahalar ta ragu.

To, mene ne girman abin da muke magana a kansa? Rahoton da kwamitin masana na duniya kan halittu da muhalli, IPBES, ya fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure, da fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na abinci, suna dogara da dabbobi wajen barbara, ko da yaya ne. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya gano cewa idan aka hana ƙwari kaiwa ga fure, amfanin auduga na raguwa da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Hatsinmu na tuwo zai iya rayuwa da iska. Amma kabewa da agushi da kankana da daddawa da man kaɗe, wato abin da ke gyara miya da abin da ke kawo kuɗi a hannun iyayenmu mata, suna jiran fukafukan da ba ma ko kallo.

Kuma da hannunmu muke karya waɗannan fukafukai. Mukan yi feshin maganin ƙwari da hantsi, lokacin da gona ke cike da fure, ƙudan zuma kuma na tsakiyar aiki. Mukan cinna wa daji wuta da rani, ta cinye mazaunin ƙwarin da ke zaune a ƙasa da cikin kara. Mukan sare kaɗanya da ɗorawa domin gawayi, alhali furanninsu na rani ne ke ciyar da ƙudan zuma lokacin da gonaki suka bushe. Mai cin zuma kuma yakan ƙone amya baki ɗaya saboda zumar rana ɗaya. Wasu ƙasashe sun fara ɗaukar mataki: a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya.

Abin da za mu iya yi bai fi ƙarfinmu ba. A gona, mu guji feshi lokacin da amfani ke fure, idan kuma ya zama dole, a bari sai da yamma bayan ƙudan zuma sun koma. Mu bar ɗan shinge da ciyawa mai fure a gefen gona. Mu bar bishiyoyin gado su tsaya. Mai kiwon zuma ya yi aiki da hayaƙi maimakon wuta, ya kuma bar wa amya rabonta. Da rani, ɗan kasko na ruwa da tsakuwa a ciki ya ishi ƙudan zuma su sha ba su nutse ba.

A aji kuwa, gani ya kori ji. Zanen fure a allo yana da amfaninsa, amma yaro ba zai manta abin da ya gwada da hannunsa ba. A lambun makaranta, a zaɓi macen furen kabewa guda biyu da yamma kafin su buɗe, a rufe kowace da ƙyalle mai shara-shara. Da sassafe a tsinko namijin fure, a goga ƙurarsa a kan ɗaya, a sake rufe ta, a bar ɗayar yadda take. Cikin mako guda ɗalibai za su ga ɗaya tana girma, ɗayar ta yanƙwane ta faɗi. Haka za a iya rufe goyon masara da jakar takarda kafin gemu ya fito, a buɗe shi lokacin girbi. Ko kuma a zaunar da yara minti 10 gaban yaɗon kankana da safe, su ƙirga baƙin da suka ziyarci fure ɗaya, su rubuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ɗakin gwaji ko kuɗi.

'Yan'uwa malamai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke gabanmu yau su ne za su riƙe injin feshi da gatari da ashana gobe, wasunsu ma tuni suna riƙe da su a ƙarshen mako. Yaron da ya ga kabewarsa ta faɗi saboda an hana ƙudan zuma isa gare ta zai koma gida ya gaya wa mahaifinsa lokacin da ya kamata a yi feshi, kuma zai yi tunani kafin ya jefi jemage a kan kuka. Muna roƙon kowace makaranta da ke ƙarƙashin wannan reshe ta yi ko da ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan a damina mai zuwa, mu dawo mu ji abin da yaranmu suka gani.