Kada Zanen Yaranmu Ya Ƙare Wajen Mai Ƙosai

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a taron ƙarshen zango na reshen ƙungiyar malamai na Taura



Mun san da yawa daga cikinku sun zo ne da tsammanin jin maganar ƙarin girma da bashin kuɗin hutu. Wannan na tafe a jawabin sakatare. Mu abin da ya kawo mu gabanku ƙarami ne a ido, har muna jin nauyin ambatonsa a gaban manya, wato takardun da yaranmu suke zane a kai, da inda suke ƙarewa.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya ɗaya daga cikinmu ya tsaya sayen ƙosai a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Gujungu. Da ya buɗe ƙunshin sai ya ga takardar falle ce daga littafin wata yarinya 'yar aji uku. Ta zana gida da rijiya da bishiyar darbejiya, ga wata mata da tulu a ka, mai ya riga ya cinye rabin rijiyar. A gefe kuma ga jan biro na wani malami, ya ba ta takwas cikin goma. Wannan takarda ta bi ta hannun malami, ta bi ta hannun iyaye, ba wanda ya ga ta cancanci ajiya. Ba mu ga laifin mai ƙosai ba, sana'arta take yi. Laifin namu ne, domin a gidajenmu ma, mu da muke kiran kanmu malamai, tsofaffin littattafan yara ko dai a hura wuta da su ko a auna wa masu tsire.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai shirme ne na yara. Bari mu ɗan tsaya a nan, domin duk sauran maganar a kan wannan ta rataya.

Yaro yana zane tun kafin ya iya rubutu. Wajen shekara biyu zai riƙe gawayi ko alli ya yi ta jan layi barkatai. Tsakanin uku da huɗu sai layin ya rufe ya zama da'ira, ya sa mata idanu da ƙafafu biyu, ya ce Baba ne. Idan ya kai shida ko bakwai sai ka ga ya ja layin ƙasa, ya jera komai a kansa, rana kuma tana can sama a kusurwa. A wannan lokacin abin da ya sani yake zanawa, ko da ido ba ya ganinsa, shi ya sa zai zana rumbu ka hango geron da ke ciki ta cikin bango. Wajen shekara tara zuwa sha ɗaya kuwa yakan fara gwada aikinsa da abin da ido ke gani, kuma a nan ne yara da yawa suke ajiye fensir har abada, musamman in an taɓa yi musu dariya. Hannun da ya iya rufe da'ira shi ne zai iya rubuta harafi. Saboda haka zane guda ɗaya ba ya gaya maka komai sosai, amma zane goma da aka jera bisa kwanan wata suna nuna maka tafiyar yaro fiye da katin sakamakon jarrabawa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bin wannan tafiya daki-daki uba ne kuma malamin makaranta a Faransa, Georges-Henri Luquet. Bai yi wani abin mamaki ba illa ya tara zanen 'yarsa Simonne, fiye da 1,500, yana lura da lokacin da ta yi kowanne da abin da ta ce game da shi, ya wallafa bincikensa a 1913. Har yau ana karanta shi a sassan nazarin tunanin yara. A gidansa ya yi wannan aiki, da takardun da wani uban zai share ya zubar.

Akwai kuma wani yaro mai suna Onfim da ya rayu a birnin Novgorod na ƙasar Rasha wajen shekarar 1260. Masana suna ƙiyasta shekarunsa shida ko bakwai. A kan ɓawon itace yake koyon haruffa, in ya gaji sai ya zana kansa a kan doki yana sukar abokin gaba, ya rubuta sunansa a gefe. Masu haƙa sun tono yawancin ɓawon nan a 1956, taɓon garin ne ya adana su shekara ɗari bakwai. Duk malamin aji ɗaya da ya ga hotonsu zai yi murmushi, domin ya san Onfim, yana zaune a bayan ajinsa. Shi dai ƙasa ce ta yi masa ajiya. Mu tamu ƙasar gara ce a cikinta, in ba mu ajiye ba ba mai ajiye mana.

Kada kuma a ɗauka wannan al'adar wasu ce. A nan Jigawa, a duwatsun Birnin Kudu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi tun zamani mai nisa, wanda masu bincike suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, ana kuma zuwa kallonsa daga nesa. Wanda ya je Garu ya ga adon bangon fadar Dutse ya san mutanenmu ba baƙin zane ba ne. Mai ɗinkin hula sai an zana masa kafin ya soka allura, haka mai aikin babbar riga, haka mai lalle, haka magini. Mafi kusa da mu duka shi ne allo. Kullum ana rubutawa ana wankewa, amma ranar sauka sai a yi masa zayyana, kuma wannan allon ba a wanke shi, ratayewa ake yi a ɗaki. Ashe kakanninmu sun riga sun warware matsalar da muke magana a kai. Sun san ba komai ake ajiyewa ba, sun kuma san akwai abin da ba a zubarwa.

Mun san akwai iyayen da ke da damuwa game da zanen abu mai rai. Wannan magana ce ta malaman addini, kowa ya tambayi malaminsa, ba mu zo mu yanke hukunci a kai ba. Abin da muke roƙo kawai shi ne kada damuwar ta zama dalilin ƙwace fensir ɗungurungum. Gida, mota, bishiya, gona, masallaci, dagi, zayyana, taswirar unguwa, filin yana da faɗi.

To yaya za a ajiye? Abu na farko ba akwati ba ne, fensir ne. Kafin a ajiye kowace takarda a juya bayanta a rubuta sunan yaro, kwanan wata, shekarunsa da ajinsa. Sannan a tambaye shi, "Ba ni labarin wannan," a rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ba gyara. Kada a ce masa "Mene ne wannan?" domin a wurinsa abin a fili yake, tambayar kuma tana gaya masa ya kasa. Da fensir za a rubuta. Biro da maka sukan ratsa takarda su ɓullo ta gaba, in danshi ya taɓa su kuma su naso, fensir kuwa yana nan yadda aka bar shi. Zanen da ba suna ba kwanan wata, a gidan da ke da yara takwas, bayan shekara biyar ko uwarsu ba za ta rantse na wane ne ba.

Sai zaɓe. Ɗakunanmu ba su da fili, kuma wanda ya ce zai tara komai ƙarshenta zai zubar da komai rana ɗaya. Uku ko huɗu a kowane zango sun isa. A zauna da yaron ya zaɓi nasa, uba ko uwa su zaɓi nasu, kuma za ku sha mamaki, wanda ya fi so sau da yawa ba shi ne wanda malami ya ba maki mai yawa ba. A sa har da wanda bai yi kyau ba in shi ne karo na farko da ya zana wani abu. Sauran a ba kaka, a aika wa ƙanin uba da ke ci-rani, ko a bar ƙannensa su yi amfani da bayan takardar. In za a zubar, kada a yi a gabansa.

Wajen ajiya ma ba sai an sayi komai ba. Kun san yadda ake adana Alƙur'ani rubutun hannu, falle-falle ba ɗinki, tsakanin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Dabarar ke nan. A yanka kwali mai tsabta gida biyu, ya ɗan fi takardun girma, a jera su a shimfiɗe ba naɗewa ba ninkewa, a ɗaure da zare, kowane yaro da nasa ƙunshi. Wanda aka yi da alli ko gawayi ko kalar kakin zuma a raba shi da na kusa da shi da farar takarda, don kada su shafi juna. Kada a raba da jarida, takardarta tana saurin yin ja tana kuma ɓata abin da ta taɓa. A cire duk wata ƙusar sitefula domin tsatsa take yi da damina. Salatif ma a guje shi, bayan 'yan shekaru yakan bushe ya faɗi ya bar tabon da ba ya fita. Lamineshan da mutane suke ganin shi ne ƙarshen gata, da zafi ake manna ledar, kuma in ta manne ba ta ɓantaruwa sai da fuskar takardar. Ko takardun shaidarku muna ba ku shawara ku yi tunani kafin ku kai su.

Abokan gabar takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara, ɓera, kyankyaso, hayaƙin madafa, zafin kwano da danshin damina. Adakar ƙarfe da aka ɗora a kan bulo, nesa da bango, ta magance yawancinsu. Wanda ya saba sa kafur a kayansa ya ƙunshe shi a tsumma, ya kuma kiyaye kada yara su kai hannu, guba ne. Leda tana da amfani tana da illa. In aka rufe takarda mai ɗan laima a ciki, fumfuna za a tarar. Saboda haka a bari sai hunturu ya kankama a fito da ƙunshin a sha iska a inuwa, a duba, a mayar. Wanda aka liƙa a bango don yaro ya ji daɗi, a sauke shi bayan mako biyu ko uku, domin rana tana cinye kala.

Mu da muke zaune a kwarin kogin Haɗeja muna da ƙarin abokin gaba. Ba wanda ya manta ambaliyar 2022 da abin da ta yi wa gidajen ƙasa a wannan yanki. Duk gida ya kamata a ce akwai bokiti mai murfi ko jaka ɗaya da aka san ita za a fara ɗauka, mai takardun haihuwa da na makaranta da na fili. Ƙunshin zanen yara bai kai nauyin mudun gero ba, a sa shi ciki. In kuwa ruwa ya riga ya taɓa, kada a ja takardun da suka manne da ƙarfi, kada a shanya a rana. A shimfiɗa a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa rabawa a hankali yayin da suke tsanewa.

Motar kara, motar langa-langa da shanun yumɓu ba sa shiga kwali, yumɓun da ba a gasa ba kuma damina ɗaya ta ishe shi. Nan ne waya take da rana. A ɗauki hoton abin a hannun mai shi, a inuwa, fuskarsa da aikinsa tare. Takardun ma a ɗauke su ta sama daidai. Amma kada a dogara da waya kaɗai, tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, memori yana lalacewa. A tura wa wani ɗan'uwa kwafi. Masu sawa a Facebook kuma su bar cikakken sunan yaro da makarantarsa a gida.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Yaro yakan zana abin da bakinsa ya kasa faɗa. A 2007 wata ƙungiya ta tara zane kusan 500 daga yaran Darfur da ke sansanonin gudun hijira a Chadi, aka miƙa su ga kotun duniya mai hukunta manyan laifuka da ke Hague, ta karɓe su a matsayin shaidar da ke bayyana yanayin da abin ya faru. Mu ma nan mun ga namu tashin hankalin. Gobarar tankar mai ta Majiya a daren 15 ga Oktoba, 2024 ta ci rayuka fiye da 150, Allah ya jiƙansu, kuma akwai marayunta a azuzuwanmu. In irin wannan yaro ya zana wuta ko ruwa ko makara, kada a yage, kada a tsawata masa. Kada kuma mu mai da kanmu likitocin ƙwaƙwalwa mu riƙa fassara kowace baƙar kala, wataƙila ita kaɗai ta rage a gwangwanin. A zauna a saurare shi, a rubuta kwanan wata, a ajiye. In abin ya yi ta maimaituwa wata da watanni, tare da rashin barci ko ƙin magana, sai malami da iyaye su haɗu a nemi taimakon asibiti. Akwai kuma gidajen da abin da ya rage musu na ɗansu bai wuce irin wannan fallen takarda ba, su sun san darajarta fiye da yadda za mu iya faɗa.

Nauyin da ke kanmu mu malamai a bayyane yake. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, amma mun san shi ake fara sadaukarwa in malami ya yi ƙaranci, ko a bar shi sai awar ƙarshe ta Juma'a. Ba za mu iya sayen kala ga yara saba'in daga albashinmu ba, wannan kuka ne da ƙungiya za ta ci gaba da kaiwa inda ya dace. Amma muna iya daina jan jan biro a tsakiyar zanen yaro, mu sa makin a baya. Muna iya daina zana mangwaro a allo mu ce kowa ya kwafa, har yara saba'in su kawo mangwaro ɗaya. Kuma ranar ba da sakamako muna iya miƙa wa kowane uba zane guda na ɗansa, da suna da kwanan wata, hannu da hannu.

Kwamiti ya yanke shawarar mu fara da gidajenmu. A taro mai zuwa muna roƙon kowane memba ya zo da ƙunshi ɗaya na ɗansa ko jikansa ko ɗan riƙonsa, za mu shimfiɗa tabarma a baranda mu jera su, da izinin masu su, sannan kowa ya koma da nasa. Wanda ba shi da kwali ya ga ma'ajin reshe bayan an tashi, mun tara wasu a ofis.